Baba a Garin Ruwa

Asabar, da yamma

Mun gama kwashe kaya, saura 'yan kwalaye a lungun falo.

Garin nan jiƙe yake. Ban san yadda zan faɗa ba ban da haka. Ba ruwan sama nake nufi ba, iskar ce kanta. In ka shaƙa, kamar ka kifa fuska a bakin tukunyar da ke tafasa. Tun jiya da safe na wanke kayan makarantar Auta, har yanzu suna kan igiya, in ka taɓa sai ka rantse yanzu aka matse su. A gida kafin ka gama shanya na ƙarshe, na farko ya bushe ƙayau. Gishiri ya dunƙule a kwalba. Ashana ta ƙi kamawa. Maigida sai dariya yake, wai, "Sai haƙuri, Hajiyar rairayi, za ki saba."

Gidan sama ne, hawa na biyu. Ɗaki biyu da falo, da 'yar baranda mai kallon rufin maƙwabta. Mun ba Baba ɗakin da ke da babbar taga, Auta tana kwana wajenmu. An mayar da Maigida tashar jiragen ruwa, gyaran injinan ɗaga kaya, ni kuma jibi zan fara a asibitin ido, yankan gilashin tabarau kamar yadda nake yi a can. To da wa za mu bar Baba? Yaya kullum yana kan hanya da babbar motarsa, Gwaggo ga ciwon gwiwa. Ni na ce a taho da shi. Ni na dage.

Tun azahar yake zaune bakin taga, hannu a kan gwiwa. Da na kai masa shayi ya ce, "Uwata," haka yake kirana tunda sunan mahaifiyarsa gare ni, "yaushe za mu koma? Kin san Innarku ba ta son kwana ita kaɗai."

Na ce, "Sha shayinka, Baba, kar ya huce."

Lahadi, da hantsi

Ƙurajen zafi sun feso wa Auta a wuya. Fanka tana ta juyi, iska ɗaya take kaɗa mana, mai ɗumi.

Litinin, bayan magariba

Ranar farko a wurin aiki. Ɗakin yankan gilashi yana can ƙuryar asibitin, ba taga, ga sanyin na'ura kamar cikin firij. Injin irin wanda na sani ne, sai dai ya fi namu sabunta, yana fesa wa gilashi ruwa yana cin gefensa. Hannuna ya riga kaina gane shi. Shugabar sashen, wadda suke kira Agogo a bayan idonta, ta ce gwaji za a fara yi mini tukuna, kuma ba ta son jin "yarona ba lafiya" ko "mota ta lalace". Na ce to. Ban ce mata ina da Baba ba.

Abokin aikina Dogo suke ce masa, bakinsa ba ya hutawa. Da aka tashi na fito daga sanyin nan, sai tabarauna ya rufe fari fat, na tsaya a bakin ƙofa ina lalube. Ya ce, "Ikon Allah, mai gyara idon mutane ta makance. Barka da zuwa garinmu."

Na yi dariya. Amma duk yinin hankalina yana kan makullin da ke jakata. Da safe na kulle ƙofa ta waje, Baba yana ciki. Maigida ya ce na ɗan lokaci ne, da azahar zai dawo tunda aikin safe yake yanzu. Na bar wa matar da ke ƙasanmu makulli ɗaya ko da wani abu, Maman Biyu suke kiranta, kifi take sayarwa a ƙofar gida. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina wa unguwanni rijiya, wanda ko ƙofar zaurensa bai taɓa rufewa ba, yau ni na murza masa makulli. Ƙarar har cikin haƙorana na ji ta.

Alhamis, da magariba

An yi ruwa. Ban taɓa ganin irinsa ba. A gida in hadari ya haɗu yara su fito da gudu, a ɗan yi, ƙasa ta shanye, a yi ta labarinsa har wata ya ƙare. Nan ba hadari, ba sallama, sama kawai ta buɗe baki. Titi ya koma kogi. Mutane suka cire takalma suka riƙe a hannu, suka ci gaba da tafiyarsu suna hira, ko a jikinsu.

Na iso gida sharkaf, na tarar da Baba a baranda, riga ta manne masa a jiki, ya jera duk wani abu mai ciki da ke gidan nan. Tukwane, bokiti, bahon wanki, kwanukan sha, har murfin kula da gwangwanin madara. Auta tana taya shi, murna kamar ta kashe ta. Maigida yana tsaye a falo ya harɗe hannu.

"Uwata, kawo wani abu! Yana zubewa a banza!" Yana nuna mini ruwan da ke kwarara daga indararon maƙwabta zuwa cikin kwata. "Mutanen nan ba su da hankali ne? Ba mai tarewa?"

Na ce, "Baba, akwai famfo."

Ya ce, "Famfo yana ɗaukewa."

Na miƙa masa buta. Tun zuwanmu yau ne ya ci abinci ya cinye, har yana tsokanar Auta wai shi ya fasa aurenta tunda ba ta iya ɗaukar bokiti ba. Ta ce ita ma ba ta son miji mara haƙori. Sai dai ya ɗan yi tari bayan ya canja kaya. Ina jin ba komai ba ne.

Juma'a, da safe

Ba tukunyar da zan ɗora shayi. Duk a cike suke, kuma ya hana a taɓa.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya ya kira daga wani wuri a kan hanya, ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Yaya tsoho?"

"Lafiya lau."

"Yana tambaya?"

"Yana yi."

"Me kike ce masa?"

"In ce ya sha shayi."

Sai ya ce layin ba kyau, ya kashe. Layin lafiyarsa ƙalau.

Abin da na kasa ganewa, Baba yana nan fa ranar. A sahun gaba ya tsaya. Shi ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwar mutane, har yana ba mu haƙuri, mu da ke kuka. Sai da aka watse, gida ya yi shiru, wata safiya ya leƙa ɗakin Inna ya ce, "Ina ta je da sassafe haka?" Yaya ne ya gaya masa a lokacin. Ya faɗi zaune a tsakar gida kamar ranar ya fara ji. Washegari ya sake tambaya. Tun daga nan ba wanda ya ƙara gaya masa.

Ya yi tari yau ma.

Talata, da yamma

Maman Biyu ta tare ni a matakala. Hausarta ta kasuwa ce, amma tana isar da saƙo. Ta ce, "'Yar'uwa, ruwan Baba ya haihu."

Ta biyo ni har baranda ta nuna mini cikin baho. Ƙananan abubuwa suna wutsil-wutsil. 'Ya'yan sauro ne, ta ce, nan garin ruwa ba ya kwana a buɗe. Tagwayenta ba su daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, kuma na sama da mu sun fara magana, sun ce za su kai ƙara wurin mai gidan haya. Ba da faɗa ta faɗa ba. Har ta kawo wa Baba kifi, ta durƙusa ta gaishe shi, ya sa mata albarka.

Na gaya wa Maigida. Ya ce zai san abin yi. Na ce ya bari in lallaɓa shi tukuna. Ya ce, "Tun yaushe kike lallaɓawa?"

Laraba, da safe

Maigida ya zubar da ruwan. Baba yana sallar asuba ya lallaɓa ya fara juye su a magudanar banɗaki, saura baho Baba ya fito.

Ban taɓa jin muryar nan a bakinsa ba. "Ɓarawo! Uwata, fito, wani ƙato ya shigo mana gida!" Ya ɗaga sandarsa ya sauke a kafaɗar Maigida. Ya sake ɗagawa na riƙe. Ina cewa, "Baba, surukinka ne, baban Auta ne," yana cewa bai san shi ba, a kira mutane. Shi da ya ba shi ni da bakinsa. Shi da yake cewa ya fi Yaya hankali.

Auta ta shige bayan labule. Maigida ya ajiye bahon a hankali, ya sa takalmin aikinsa. Na bi shi matakala da shayi a kofi. Bai karɓa ba. Ya ce, "Ba haushi na ji ba, wallahi. Tsoro na ji. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba."

Alhamis, lokacin cin abinci a wurin aiki

Na yanka gilashin hagu na sa a idon dama. Dogo ne ya gani kafin ya kai ga mai shi. Agogo ta dubi tsintsiyar hannunta kawai.

Asabar, da la'asar

Kwana biyu ina jin wani wari a ɗakinmu, kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Yau na bi shi har ƙarƙashin gado. Akwatin ƙarfen nan ne da na zuba kayan Inna, wanda ban buɗe ba tun ranar da na rufe shi. Sai da na sa wuƙa, tsatsa ta kama murfin.

Takalmanta na fata sun yi kore, fumfuna ta rufe su kamar gashi. Zannuwan sun yi ɗigo-ɗigon baƙi. Kayan da suka yi shekaru a ɗakinta ko ƙura ba ta bari ta hau su ba, garin nan ya cinye su a 'yan kwanaki. Na kwaso na kai baranda ina gogewa, ina goge hanci da gefen mayafi. Ban ji zuwan Baba ba.

"Wannan ai zanen Innarku ne." Fuskarsa ta washe. "Ta zo?"

Kafin in haɗa magana ya koma ɗaki. Ya fito da farar rigarsa, ya taje gemu, ya shafa turare, ya jawo kujera ya ajiye daidai ƙofar shigowa ya zauna. Auta ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Kaka, ai Inna ta..." Na toshe mata baki da hannu. Da ƙarfi na toshe, har shatin yatsuna ya fito.

A kicin tana kuka ta ce, "Mama, ke kika ce ƙarya ba kyau."

Na ce ba ƙarya muke yi ba, shiru muke yi. Ta ce, "To ai yana jira."

Har yanzu yana zaune a wurin. Duk wanda ya taka matakala sai ya gyara hula.

Lahadi

Bai ci komai ba. Tarin ya sauka ƙirji.

Litinin, da azahar, a cikin mota

Baba ya fita.

Maman Biyu ta kira ni. Ta ji yana dukan ƙofa yana kira, ta hau ta buɗe, ta sauko da shi wajenta ya sha iska. Ta juya ta sallami mai sayen kifi, ta waiwayo ba shi. Tana kuka a waya, ni ce ma nake ba ta haƙuri. Na bar gilashi a kan inji yana juyawa na fito, ban gaya wa kowa ba. Motar nan ba ta tafiya. Ban san ma me ya sa nake rubutu ba.

Litinin, bayan la'asar

Masallacin unguwa, ba su gan shi ba. Tashar mota, ba su gan shi ba. Na bi layin masu kayan miya, na bi bayan makarantar su Auta. Maigida ya ari babur a wurin aiki yana zaga manyan tituna.

A gida in mutum ya ɓata, sama kake dubawa da nesa, za ka hango farar riga tun daga ƙarshen layi. Nan komai a cushe yake, kuma ko'ina ruwa. Kwatocinsu a buɗe, wasu sun fi tsayina zurfi, ga wata babbar magudana da ta ratsa bayan kasuwa, baƙi ƙirin, tana tafiya da robobi. Duk wadda na wuce sai na leƙa. Ba zan rubuta abin da nake dubawa ba.

A ofishin 'yan sanda sun nemi hoto. Wanda ke wayata shi da Inna ne, suna zaune a kan tabarma. Ɗan sandan ya ce, "Matar fa, tare suka fita?" Na ce a'a. Maman Biyu ta karɓi hoton ta tura wa duk wanda ta sani.

Bai iya harshen garin nan ba. Bai san sunan unguwar ba. Ko an tambaye shi ina ne gidanku, wani gari zai faɗa.

Talata, da asuba

An kwana ana ruwa. Farar rigar ce kawai a jikinsa.

Talata, da hantsi

An gan shi. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Matan da Maman Biyu ke sarin kifi a wajensu ne suka gane hoton. Yana bakin teku, wurin da masunta ke jawo jiragensu. Ban san yadda ƙafafun nan suka kai shi can ba, mu a mota ma mun daɗe.

Yau na fara ganin teku. Ban kalle shi ba sosai, ƙararsa kawai nake ji a bayana kamar manyan motoci suna wucewa ba iyaka. Baba yana cikin wata rumfa a kan tarin raga, an lulluɓe shi da buhu, takalmi ɗaya a ƙafa. Wani tsohon masunci yana zaune kusa da shi. Maman Biyu ce ta yi mana tafinta. Ya ce jiya gab da faɗuwar rana suka ga dattijo da farar riga ya miƙe tsaye sai bakin ruwa. Sun zaci shiga zai yi, suka taso. Sai ya tsuguna ya kamfata da hannu ya kai baki, ya tofar, ya juyo ya yi musu dogon faɗa, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Ya ƙi bin kowa, shi ne tsohon ya kwana da shi a rumfar.

Na durƙusa na kama hannunsa. Zafi kamar garwashi.

"Uwata, wa ya gina musu wannan? Ga faɗi ba amfani. Zartsi ne zalla."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Na ce, "Baba, ina za ka?"

"Gida. Tunda ba ta zo ba, ni in je. Na bi rana, sai hanya ta ƙare."

Maigida ne ya goya shi har bakin titi. Baba bai hana ba, ya kwantar da kai a kafaɗar da ya doka. Na yi ta jera wa tsohon masuncin godiya da Hausa. Ya ɗaga hannu ya koma kan ragarsa.

Laraba, da yamma, a asibiti

Zazzaɓin sauro ne, kuma sanyi ya kama ƙirji. An sa masa ƙarin ruwa. Yana ta kallon ledar tana ɗiga, ya ce wannan dai sun iya tattali.

Ɗakin gado shida ne, taga a buɗe, fanka ɗaya. Zanin gadon ma da danshi. Ɗazu na gyara masa matashi ya ce, "Sannu, 'yar nan. Ke ma nan kike aiki?" Na ce zazzaɓi ne. Zazzaɓi ne ke sa haka.

Alhamis, da hantsi

Likita ya kira ni gefe. Ya ce ƙirjin zai warke, zazzaɓin ma ya fara sauka. Sannan ya yi tambayoyi a kan ɗaya abin. Tun yaushe, me yake mantawa, wa yake ganewa. Na faɗa masa duka, har da sandar. Ya kira sunan abin. Ba zan rubuta shi ba.

Ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ya ce masu irinsa bangon da suka sani da ƙofar da suka sani su ke riƙe su, in aka ɗauke su daga wurin sai abin ya ƙara sauri. Ya ce ba laifin kowa ba ne. Ban tambaye shi laifin wa ba ne, shi ya ga fuskata.

Daga nan na wuce wurin aiki. Agogo ta bar ni a tsaye ta gama abin da take yi. Na gaya mata. Ta ce, "Me ya hana ki faɗa tun farko?"

Na ce, "Kin ce ba kya son ji."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Litinin." Dogo ya raka ni ƙofa, yau bai yi wasa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Gwaggo ta kira. Yaya ya gaya mata komai. Ko gaisuwa ba ta tsaya an gama ba.

"Ki dawo mini da ɗan'uwana."

"Gwaggo, ƙafarki fa?"

"Gwiwata ce ta mutu, ba bakina ba. Zan koma gidan in zauna da shi. Unguwar nan kaf ruwan rijiyarsa suka sha suka girma. In ya fita, ko yaron goye ya san ƙofar da zai mayar da shi. Can wa ya san shi? Kifi?"

Na ce, "In ya je ya tarar da ɗakin fa?"

Ta ce, "To ki gaya masa kafin ya taso. Kar ya shigo da sallama yana kiranta, ba zan iya ba. Ke ya fi jin maganarki."

Na gaya wa Maigida a barandar asibiti. Ya ce, "Duk abin da kika yanke. In kin ce ya zauna, in koma aikin dare in riƙa yini da shi. Na saba da sandar." So nake ya ce a mayar da shi, in sami wanda zan yi wa fushi. Ya ƙi.

Asabar

An sallame mu. Ban yanke komai ba.

Lahadi, da hantsi

Na yanke. Da asuba na same shi yana shafa bangon ɗaki da tafin hannu, yana neman ƙofa a inda ƙofar ɗakinsa take a gida. Bai yi kira ba, bai yi faɗa ba, shafawa kawai yake. Na kira Yaya. Yana da kayan da zai sauke a tashar jiragen ruwa ranar Laraba, ya ce washegari sai su juya tare.

Bayan ya karya na fitar masa da kujera baranda. Jikinsa ba ƙarfi amma idonsa a washe yake, ya kira ni Uwata. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya ce, "Yaushe za mu koma? Innarku..."

Na ce, "Baba, Inna ta rasu."

Ga shi na rubuta.

Bai faɗi ba. Bai yi ihu ba. Ya daɗe yana kallon rufin maƙwabta.

"Yaushe?"

"Kafin mu taho."

"Ina nan?"

"Kana nan. A sahun gaba ka tsaya."

Ya gyaɗa kai. Hawaye yana bin gemunsa bai share ba. "Wa ya yi mata wanka?"

"Ni da Gwaggo."

"An sami ruwa isasshe?"

"An samu, Baba. Daga rijiyarka aka ɗebo."

Ya ce, "To madalla." Ya yi mata addu'a mai tsawo, na shafa, Auta ma da ke laɓe a bakin ƙofa ta shafa. Ya ɗora hannu a kaina ya bar shi a nan. Tun bayan zaman makoki ban ƙara kuka a gabansa ba sai yau.

Litinin, bayan magariba

Na koma aiki. Ban ɓata gilashi ko ɗaya ba. Maigida ya ɗauki hutu yana tare da Baba, ya ce yini ya yi yana barci.

Bai tambayi Inna ba yau. Ni ma bai kira ni komai ba.

Laraba, da yamma

Yaya ya iso, ya rame, ya yi baƙi. Baba ya gane shi nan take, har ya yi masa faɗan rashin aski. Na ji daɗi. Na kuma ji wani abu da ba daɗi ba.

Na haɗa masa kaya. Magunguna a leda, na rubuta wa Gwaggo na safe da na yamma da manyan baƙaƙe. Na yanka masa sabon tabarau da hannuna, tsohon ya faɗi a wajen yawon nan. Farar rigar ta ƙi fita, na sa ta a haka. Ina ninkewa ina warwarewa. In Gwaggo ta faɗi fa? In ya fita da rana tsaka ba hula? In na kira ya ce wace ce?

Auta ta ce a bar ta ta kwana a ɗakinsa. Na bar ta.

Alhamis, da safe, a cikin mota

Motar Yaya ba ta shiga layinmu, a bakin babban titi ya ajiye ta. Muka taka a hankali, Baba a tsakiya. Maman Biyu ta biyo mu da ƙunshin busasshen kifi wai a kai wa Gwaggo. Ana yayyafi. Yaya ya shimfiɗa bargo a kujerar gaba, Maigida ya ɗaga Baba cak ya zaunar da shi, ya ɗaura masa bel.

Auta ta ɗaga murya ta ce, "Kaka, ka tafi ka bar matarka?" Ya yi mata murmushi irin wanda ake yi wa 'ya'yan mutane.

Na taka ƙarfen hawa motar na leƙa ta taga in gyara masa hula. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya dube ni ta cikin sabon gilashin, tsaf, ya ce, "Baiwar Allah, kin yi ɗawainiya da ni. Ban san da me zan saka miki ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

Na ce amin.

Ya ce, "Ki gaida iyayenki."

Yaya ya kau da kai ya kama goge gilashin gaba da tsumma.

Na ce, "Za su ji."

Motar ta tashi. Mun tsaya har ta sha kwana, sannan na kama hannun Auta muka tsallaka, kar ta makara.